Arfar Iya da Wayar da Rago Ya Tauna

Ranar wata Alhamis, saura kwana goma sha ɗaya babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, motar Maigatari ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke Gagarawa Tasha da wani ƙaton faranti ɗaure a kanta. Ni da ƙawata Ladi muna bakin zaure muna carafke, na watsar da duwatsun na miƙe. Direba ya hau saman mota yana kwance igiya, yana mita wai farantin nan ya hana shi gudu tun daga kasuwa, Baba kuma ya fito daga gidan gaban motar rungume da wani ɗan kwali a ƙirji. Da aka buɗe but sai ga rago uda, gabansa baƙi bayansa fari, ya diro yana tangaɗi don ya sha zama. Ragon mun san na layya ne. Farantin ma mun san sunansa dish, tunda akwai guda ɗaya a garin, a gidan kallon ƙwallo na Ɗanlami da ke bakin titi. Abin da ke cikin kwalin ne ba wanda ya sani. Baba ya miƙa mini igiyar ragon, ko kallona bai yi ba, ya ce daga yau cinsa da shansa suna wuyana, ya shige ciki da kwalinsa.

Baba mai gyaran rediyo ne, yana da rumfa a tasha, kuma a lokacin sana'ar ta fara ja da baya domin mutane sun koma sauraron komai a wayar hannu. Shi ya sa ya samo wata tsohuwar kwamfuta a Gumel, wadda masu buga takardu suka jingine a lungu, ya zauna ya tashe ta, yana tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a wayoyinsu. Mutum ne marar yawan magana, amma yana da hali guda: kada ka ce masa abu ba ya yiwuwa. Da ka faɗa, ka haɗa shi da aiki ke nan, ba ci ba sha sai ya ga ƙarshensa. Innarmu takan ce da wani zai ce masa jaki ba ya hawa bishiya, da mun wayi gari jakin gidanmu yana kan darbejiya.

Dalilin dish ɗin kuwa Iya ce, mahaifiyar Baba. Iya ta yi shekaru tana shirin aikin hajji, ta tanadi farin zane da mayafi da takalmi ta ajiye a ƙasan adaka, sai a shekarar da komai ya kammala ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun daga nan ba ta sake taka ƙofar ɗakinta ba sai an ɗauke ta. Idonta ma farar yana ta fara rufe shi, ko da yake ba ta yarda a faɗa a gabanta. Da aka tabbatar tafiyar ba za ta yiwu ba, sai aka yanke shawara Baffa Habu, autanta, wanda ya riga ya sauke nasa faralin, ya je ya yi mata. Ke nan wannan hajjin nata ne, ƙafa kawai ta ara. Ranar da Baffa zai tafi ba ta yi kuka ba. Ta dai ce abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, da ma a ce za ta ga filin Arfa da idonta ranar da za a tsaya mata. Ba da kowa take ba, fuskarta na kallon bango ta faɗa, amma Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji. Gidan kallo kuwa ba wurin da za a kinkimi tsohuwa a kai ta ba ne, tsakiyar samari da hayaƙin taba.

Dish ba ya aiki shi kaɗai, wannan na koya a makon nan. A gabansa akwai wata 'yar na'ura a kan sanda, mai kama da kan tocila, masu sana'ar suna ce mata elenbi, mu yara muna ce mata ido. Ita ke karɓar abin da farantin ya tattaro daga sama, kuma ba ta motsi sai an ba ta wuta. Wutar ba daga soket take zuwa ba. Risiba ce, akwatin nan da ake ajiyewa kusa da talabijin, ke tura ta ta cikin wayar da hoto ke saukowa. Mu ba mu da risiba, ba mu da talabijin. Abin da Baba ya samo a wurin wani mutumin Damagaram, wanda ke kiran dish da farabol, wani kati ne kore mai tsawon tafin hannu, da faifansa, wanda ake sokawa a cikin kwamfuta a ɗaura masa wayar dish ta baya. Mutumin ya ce a cikin kayan gwanjo ya tsince shi, bai san ko yana da rai ba. Da Ɗanlami ya zo ganin dish ɗin, ya juya katin sau biyu a hannunsa ya yi dariya, ya ce wa Baba, cikin ladabi dai tunda Baba ya girme shi, kwamfuta ba ta ciyar da dish, ko a Kano bai ga an yi ba. Inna tana madafa ta jiyo shi, ta ce shi ke nan, an gama da mu, rumfa ta rufu sai bayan Sallah.

Haka kuwa aka yi. Baba ya haƙa rami a bayan ɗakin Iya ya kafa ƙarfen dish da siminti, ya kwaso kwamfutar daga rumfa ya ɗora a kan tebur kusa da gadonta, ya zura waya ta taga, ya bi da ita gindin katanga ya rufe da rairayi don kada kaji da yara su yi tuntuɓe da ita. Kwana uku yana tayar da ɗan janaretansa yana kashewa. Kwamfutar ta ga katin, amma layin da ke nuna ƙarfin sigina ko gezau. A rana ta uku ya cire murfin kwamfutar ya zauna yana kallon cikinta kurum, har ya lura da wani ɗan farin baki mai haƙora huɗu a gefen katin, wanda babu abin da aka soka masa. Ya laluba cikin wayoyin da ke reto daga akwatin wutar kwamfutar, ya sami wadda ta dace, ya soka. Sannan ya fita bayan ɗaki, ya kwance wayar daga idon dish, ya ɗana bakinta a harshensa yadda yake gwada batir, sai muka ga ya zabura ya tofar da yawu. Ranar na fara ganin dariyar Baba har turame. Ashe katin yana iya ciyar da dish, shi ma sai an ciyar da shi. Wasu kwana biyu suka tafi wajen neman tauraron, yana juya farantin kaɗan-kaɗan wajen gabas, Inna na leƙa gilashin kwamfuta tana faɗa masa ta taga, har wata la'asar sai ga Ka'aba da mutane suna zagaya ta. Daga nan duk wanda ya shigo kallo sai Baba ya yi masa bayani da magana guda: "Wuta ta hau, hoto ya sauko."

Iya kam ta ƙi kallo. Ta juya fuska bango, ta ce a rufe abin da zane, ita ba yawon buɗe ido ta ce tana so ba, ranar Arfa take jira. Baba ma bai matsa ba, tunda man janareta yake tattali.

Ni a kwanakin nan hidimata ta ishe ni. Kaka ce, an kaɗe riɗi, zoɓo kuma ya cika tsakar gida, da mun dawo daga makaranta sai mu zauna fiƙarsa, muna raba jan ɓawon da ƙwallon, har yatsunmu su yi ja, ƙaiƙayinsa ya hana mu sakat. Da safe kafin in tafi in ɗebo ruwa jarka biyu a famfon bakin masallaci, in share turke, in zuba wa rago harawa da kowar wake, in dama masa dusa da kanwa. A makaranta aji biyar ne ke sharar gindin bishiyoyi, wanda ya makara ya sha dorina uku a hannu, ni kuwa ragon nan ya sa na sha ta fi sau biyar. Ba rago ba ne mai kunya. Ya tsinka igiyar kasuwa ranar da ya zo, ya tsinka ta biyu ya shiga rumbun Inna, sai da na zauna na tufka masa tawa da rama sannan ya natsu. Tufka Iya ce ta koya mini tun tana da lafiya, a murza a cinya, a haɗa biyu, a juya su su cije juna, kuma a duk unguwarmu babu yarinyar da ta kai ni. In igiyar guga ta tsinke ni ake kira, in warware bakin biyu in saƙa su cikin juna har mutum ya rasa inda aka haɗa. Ina ji da wannan ƙwarewa ƙwarai, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Ranar Asabar, jajibirin Arfa, yayar Ladi ta ce in ban zo da azahar ba na rasa layin kitson Sallah. Rana ta kai turken rago, Inna ta ce in mayar da shi inuwa kafin in fita. Inuwar da ta fi kusa ita ce ta bayan ɗakin Iya, ƙarfen da ya fi ƙarfi a gidan kuma shi ne na dish. Na ɗaure shi a nan na ruga. Kitso ya ja, aka yi mini shuku, muka tsaya 'yar gala-gala a ƙofar gidansu, ban dawo ba sai da rana ta yi ja. Na tarar ragon ya tone rairayin gindin katanga da kofato, ya zaro wayar ya tauna ta har ta rabu biyu, yana tsaye yana tuƙa hankalinsa kwance. Baba yana tasha, Inna tana tuƙa tuwo. Na mayar da ragon turkensa, na ɗauko reza a tagar Inna, na tsuguna. Na sha ganin Baba yana haɗa wayar rediyo, ya fere baki biyu ya murɗa ya naɗe, don haka ban ga abin wahala ba. Da na fere baƙar robar sai na ga wasu siraran silalla kamar gashi sun saƙu a zagaye, a ƙarƙashinsu farar roba, a tsakiya kuma jan ƙarfe guda ɗaya mai kauri. Na fere duka. Na tattara silallan da jan ƙarfen na wannan ɓarin, na haɗa da na wancan, na tufke su tamau wuri guda kamar igiyar guga, na ja na ji ba ta motsi. Na naɗe da leda, na ɗaure da zare, na binne, na share wurin da tsintsiya. Har ga Allah na tashi ina ganin na yi aiki mai kyau.

Da sassafe ranar Arfa Inna ta yi wa Iya wanka, aka buɗe adaka aka ciro farin zanen da mayafin aka sa mata, aka jingina ta da matashi biyu tana fuskantar kwamfuta. Har takalmin ta ce a ajiye mata a gaban gado. Tsofaffin unguwa huɗu suka zo da carbinsu suka zauna a tabarma, kowa da azumi a bakinsa. Baba ya riga ya gaya mana rana tana riga mu faɗuwa a can da awa biyu, wato da la'asar ɗinmu an gama tsayuwa, huɗuba kuma da hantsi za a yi. Ya tayar da janareta, ya yaye zanen, ya kunna. Gilashin ya kawo, amma inda hoto yake fitowa baƙi ƙirin, layin sigina kuma babu ko ɗigo. Ya kashe ya sake kunnawa. Ya fita bayan ɗaki, sai ya ga kashin rago a gindin ƙarfe, abin da tsintsiyata ta manta. Ya kira ni ya tambaya, na ce na ɗaure shi a nan jiya na ɗan lokaci. Iyakar abin da ya tambaya ke nan, ni ma iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ce to ragon ya goga jikinsa ya karkatar da farantin, ya ɗauko sifana ya sassauta kusoshi, ya shiga juyawa.

Haka hantsi ya wuce. Baba yana cikin rana da azumi yana tura farantin dama da hagu, sama da ƙasa, Inna tana taga tana cewa babu, babu. Ni ina zaune a bakin murhu ina fiƙar zoɓon da ba wanda ya sa ni. Na san inda matsalar take, ko in ce ina zargi, amma ina gaya wa kaina ai haɗin da na yi ba zai kwance ba, don haka ba shi ba ne. Tsoro nake ji, wannan ita ce gaskiyar, ba na duka ba, don Baba bai cika duka ba, tsoron yadda zai kalle ni. Wata daga cikin tsofaffin ta kunna ƙaramar rediyonta suka saurari huɗuba a nan, Iya kuwa idonta na kan baƙin gilashi. Wajen azahar Baba ya ɗauko mitarsa ya gwada bakin wayar a wurin dish, allurar ba ta motsa ba. Ya ɗana a harshe, shiru. Sai ya yanke cewa katin ne ya mutu, tunda dama na gwanjo ne. Ya buɗe kwamfuta ya zare shi, ya hure, ya goge haƙoransa, ya mayar, duk a banza. Daga baya na gane cewa katin yana da wayo, da ya ji wutar da yake turawa tana dawo masa ta gajeriyar hanya sai ya ɗauke ta gaba ɗaya don kada ya ƙone.

Bayan sallar azahar Ɗanlami ya leƙo, don labari ya kai masa. Bai yi dariya ba wannan karon, ya ce da risibarsa ba ta kan aiki, da gidan kallo bai cika da dattawa ba, da ya ciro ta. Baba yana tsugune a ƙofar ɗakin Iya da katin a hannu, ya ce masa, a gaban matan nan duka, ya fi shi gaskiya, kwamfuta ba ta ciyar da dish. Ban taɓa jin Baba ya janye magana ba sai ranar. Daga ciki Iya ta ce wa Baba, a hankali, "Isa, bar shi haka. Ku cire mini zanen nan kada ya yi datti, ya yi wani amfanin." Kowa ya san amfanin da take nufi. Nan ne na tashi, zoɓon ya zube daga cinyata, na je na tsaya a gaban Baba na ce rago ya cinye wayar jiya, ni na haɗa.

Baba ya miƙe. Ya bi ni gindin katanga, na tone da hannuna, ya warware zaren da ledar, ya ɗaga haɗin sama yana dubawa ta ko'ina. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Tufka dai ta yi kyau, Balaraba." Ya nuna mini jan ƙarfen tsakiya ya ce ta nan wuta ke hawa, ya nuna silallan ya ce ta nan take komawa, farar robar da na fere kuma aikinta ke nan ta hana su haɗuwa, ko sili ɗaya ya taɓa na tsakiya an gama. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da ya zane ni da ya fi mini sauƙi. Ya yanke tufkar da filaya ya jefar, ya sa Inna ta hura gawayi ya ɗora ƙarfen dalma, ya haɗa tsakiya da tsakiya ya like, ya naɗe da salatif, sannan ya haɗa silalla da silalla ta waje. Ya mayar da katin, ya kunna, ya je ya ɗana waya a harshe ya zabura. Wuta ta dawo. Sai dai farantin da yake daidai tun farko, shi da hannunsa ya yini yana karkatar da shi, kuma bai yi wa wurin alama ba. Neman da ya ci kwana biyu, yanzu sai a yi shi cikin abin da bai kai awa biyu ba, ga man janareta ya yi ƙasa.

Ni aka sa a gaban gilashi wannan karon, don idona ya fi na Inna. Ɗanlami ya tuɓe riga ya kama ɓari ɗaya, Baba ya kama ɗaya, ina ta faɗa musu ta taga, babu, babu, ya ɗan motsa, ya koma. Tsofaffi biyu suka gaji suka tafi ɗora girkin buɗa-baki. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida. Ana gab da kiran la'asar layin ya yi tsalle ya zama kore, na ce su tsaya, kada wanda ya yi numfashi, sai hoton ya fara zuwa a gutsure sannan ya zauna. Wani dutse ne, fari fat da mutane tun daga gindinsa har ƙololuwa, da wani farin ginshiƙi a samansa, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, mutane sun ɗaga hannuwa, wasu suna kuka ba sa ko share hawaye. Sauran tsofaffin biyu suka hau salati.

Iya ta sa aka matso da teburin har ya taɓa gado. Ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido, ta daɗe a haka. Sannan ta laluba da hannunta mai lafiya ta kamo nawa, ta jawo ni kusa, ta ce a kunnena yadda ba wanda zai ji, fari kawai take gani yana motsi, in faɗa mata abin da ke ciki. A lokacin na fahimci dalilin da ya sa ta ƙi kallo tun kwanakin baya, ba ta so Baba ya san wahalarsa ba za ta kai inda yake zato ba. Na shiga faɗa mata. Na ce ga dutse, ga mutane sun rufe shi, ga wata tsohuwa kamarta a keken guragu ana tura ta, ga wani baƙi dogo ya ɗora yaro a wuya, ga ruwa yana fesowa daga kan wasu sanduna. Tana gyaɗa kai tana motsa baki. Can ta ce, "Baffanki fa? Kin gan shi?"

Mutanen da ke cikin gilashin nan a lokacin kowannensu bai kai ƙwayar gero ba. Na ce na gan shi. Ta ce yana ina, na ce yana gefen dutsen daga dama, ya riƙe lema shuɗiya, ya ɗaga hannu ɗaya yana addu'a. Ta saki hannuna ta ɗaga nata, ta yi ta addu'a har ranar can ta faɗi, mutane suka fara gangarowa. Ba a fi minti goma sha biyar ba duka. Janareta ya yi tari ya mutu da kansa, ladan kuma ya kira la'asar. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa rigarsa, Iya ta ce masa ta gani, Allah ya yi masa albarka, ya sunkuyar da kai ya fita alwala.

Da Baffa Habu ya dawo, bayan an watse daga taron tarba, ya shiga gaishe ta, ina zaune a bakin gado. Ta ce masa ai mun gan ka, kai da shuɗiyar lemarka a gefen dutse. Baffa ya ɗago kai. Ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai ya ce ƙwarai kuwa, Iya, rana ce ta yi zafi ranar. Shekaru bayan haka ya gaya mini ko kusa da dutsen bai je ba, a cikin tanti ya yini, lema kuwa bai taɓa riƙewa ba. Iya ba ta kai wata Sallar ba, ta rasu da damina, tana amsa sunan Hajiya wata bakwai.

Yanzu ranar Arfa ko'ina ka duba a Gagarawa Tasha hoton dutsen nan ne a tafin hannun mutane, mai shayi yana kallo, mai tallan awara tana kallo. Bara da maƙwabciyata ta je, daga filin ta kira uwarta suka ga juna ido da ido, har uwar tana yi mata faɗa wai ta rame. Ba mai tona rami, ba mai ɗana waya a harshe, kuma ba a buƙatar wata yarinya ta tsaya tsakanin tsohuwa da gilashi. Baba ya tsufa, rumfar ta zama ta masu cajin waya, farantin kuma Inna ta daɗe tana shanya kuɓewa a cikinsa kafin tsatsa ta cinye shi. Nakan zauna ni ma in kalla a wayata, tar da shi, kowace fuska a fili, amma ban cika daɗewa ba nake ajiyewa. Laifi biyu na yi a ranar nan, na yi shiru da safe, na yi ƙarya da yamma. Har yau na safen kaɗai nake nadama.